Daga Cork zuwa Washinton: Roy Keane da tarihin da ke cikin sunayen mutanen Ayilan

Ranar 30 ga Mayu, 1992, mutum sama da 35,000 suka shiga filin wasa na RFK da ke gabashin birnin Washinton domin kallon karawar Amurka da Jamhuriyar Ayilan. Wasa ne na wata ƙaramar gasa da Amurkawa suka shirya don su auna ƙarfinsu kafin su karɓi baƙuncin Gasar Kofin Duniya ta 1994. Mick McCarthy ne ya fara jefa ƙwallo a ragar masu masaukin baƙi, amma kafin a hura tashi Tab Ramos da Marcelo Balboa da John Harkes sun rama har sun ƙara. Aka tashi 3-1. Kocin Amurka a ranar shi ne Bora Milutinović, wanda daga baya ya kai Super Eagles Faransa a 1998.

Sakamakon ya daɗe da shigewa kundi, filin ma ƙungiyar D.C. United ta bar shi tun 2017. Abin da ya fi jan hankalina shi ne sunayen da suka haɗu a wurin. Filin kansa sunan Robert F. Kennedy ya ci, Kennedy kuwa suna ne na Ayilan. A cikin 'yan Amurka akwai Thomas Dooley, wanda ranar ce ya fara saka rigar ƙasar. A Jamus aka haife shi, uwarsa Bajamushiya, ubansa sojan Amurka, Turanci ma bai zauna a bakinsa ba tukuna, amma Dooley suna ne na Ayilan tsantsa. Shi kuwa McCarthy da ya ci wa Ayilan, a garin Barnsley na Ingila aka yanke masa cibi, mahaifinsa ne ya fito daga Waterford. Suna a nan, mahaifa a can, harshe a wani wuri daban. Haka tarihi ya watsa wannan al'umma.

Cikin tawagar Ayilan da koci Jack Charlton ya kawo Amurka akwai wani saurayi ɗan shekara 20 daga unguwar Mayfield ta birnin Cork, mai ƙarancin magana da saurin hawa. Sunansa Roy Keane. A Boston, a ƙarshen tafiyar, ya makara zuwa motar tawaga, McCarthy ya yi masa faɗa irin na babba da yaro, shi kuma ya mayar da martani a gaban kowa. Keane da kansa ya ba da labarin a littafin tarihin rayuwarsa. Bayan shekara 10 wannan tsama ta fito fili, duniya ta gani.

Wanda ya yi zaman gidan kallon ƙwallo a Kano ko Zariya ko Maraɗi a ƙarshen shekarun 1990 ba ya buƙatar a gabatar masa da Keane. Yana yaro ƙungiyoyin Ingila suka ƙi ɗaukarsa, wai ya cika ƙanƙanta. Ya fara da ƙaramar ƙungiyar Cobh Ramblers, daga nan Brian Clough ya saye shi zuwa Nottingham Forest a 1990 a kan fam 47,000. A 1993 Alex Ferguson ya biya fam miliyan 3.75 ya kai shi Manchester United, kuɗin da ba a taɓa biya ba tsakanin ƙungiyoyin Birtaniya a lokacin. Ya yi wa United wasa 480, ya ɗauki kofin Firimiya 7 da na FA 4.

Daren da ya fi bayyana halinsa shi ne na 21 ga Afrilu, 1999, a Turin, a wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Zakarun Turai. Cikin minti 11 Inzaghi ya zura wa United ƙwallo biyu. Beckham ya bugo kusurwa, Keane ya yanko ta gaban turke ya sa mata kai, ta faɗa raga. Jim kaɗan ya taɗe Zidane aka ɗaga masa katin gargaɗi, kuma ya san wannan kati ya raba shi da wasan ƙarshe ko da sun yi nasara. Duk da haka bai rage gudu ba, bai sassauta wa kowa ba, har United ta fita da 3-2. Akwai kuma ɗaya fuskar, wadda bai kamata masoyansa su tsallake ba. A Afrilun 2001 ya kai wa Alf-Inge Haaland, mahaifin Erling, mummunan taku a gwiwa, ya sunkuya a kansa yana zaginsa. Da littafinsa na 2002 ya nuna da gangan ya yi, sai hukumar ƙwallon Ingila ta ƙara masa dakatarwar wasa 5 da tarar fam 150,000. Ya cancanci hukuncin.

A 1994 ya buga duk wasanni huɗu da Ayilan ta yi a Amurka. Ranar 18 ga Yuni suka doke Italiya 1-0 a filin Giants da ke kusa da New York. Baresi ya share ƙwallo da kai, ta faɗo gaban Ray Houghton, ya ɗaga ta da ƙafar hagu ta saman Pagliuca. Paul McGrath, wanda mahaifinsa ɗan Nijeriya ne, ya yini yana toshe wa Roberto Baggio hanya. Makomar rukunin kuwa har da Washinton aka yanke ta: ranar 28 ga Yuni, yayin da Ayilan ke canjaras da Norwe, Italiya da Meziko suka tashi 1-1 a RFK. Ƙasashen huɗu duk suka ƙare da maki 4, Ayilan ta wuce a matsayi na biyu saboda ta doke Italiya.

Sai rikicin Saipan. Ranar 16 ga Mayu, 2002, Nijeriya ta je Dublin ta ci Ayilan 2-1 a wasan sada zumunci, Aghahowa da Sodje suka ci. Daga nan tawagar ta tashi zuwa tsibirin Saipan don shirin Kofin Duniya. Kayan atisaye ba su iso da wuri ba, filin kuma ya bushe ƙamas. Keane, kyaftin, ya faɗa wa jarida abin da ke ransa. Kocin a lokacin shi ne McCarthy. Suka yi cacar baki a gaban 'yan wasa, aka sallami Keane gida tun kafin a take ƙwallo. Ƙasar ta rabu biyu, gida guda sai ka ji uba yana bayan koci, ɗa yana bayan kyaftin. Binciken da hukumar ƙwallon ƙasar ta sa aka yi daga baya ya tabbatar da cewa shirin ya yi rauni. Ɗan Nijeriya da ya saba jin labarin alawus da tikitin jirgi gab da babbar gasa zai gane irin zafin da ke cin Keane, ko da bai yarda da yadda ya fitar da shi ba.

Sharhi a talabijin shi ne ya raba shi da United. A ƙarshen Oktoban 2005, bayan Middlesbrough ta lallasa su 4-1, ya zauna a tashar ƙungiyar, MUTV, ya bi abokan wasansa ɗaya bayan ɗaya yana fayyace laifin kowa. Ba a taɓa watsa hirar ba, kuma cikin Nuwamba ya kwashe kayansa. Ya ɗan taɓa Celtic, ya horar da Sunderland ya hau da ita Firimiya a 2007, ya je Ipswich abin bai yi kyau ba. Yana koci ya sha kushe masu sharhi, yana cewa ba aikin da zai so ba ne. Amma daga 2011 ya zauna a kujerar ITV, daga 2019 kuma ta Sky Sports, a tsakani ya yi wa Martin O'Neill mataimaki a tawagar Ayilan daga 2013 zuwa 2018.

Ku lura da shi idan an dawo ɗakin sharhi bayan United ta sha kashi. Ba ya gaggawar magana. Yana jingine, gira a ɗage, ido ƙur a kan mai tambaya, Micah Richards a gefensa yana danne dariya. Idan aka yabi mai tsaron raga don ya kama ƙwallo, sai ya ce ai aikinsa ke nan. Ba ya zana dabaru a allo kamar Jamie Carragher. Abin da yake aunawa shi ne zuciya: wa ya bi ƙwallo, wa ya tsaya kallo, wa ya ɓuya lokacin da wasa ya yi zafi. A ganina nan ne amfaninsa yake, domin yawancin tsofaffin 'yan wasa suna tsoron ɓata wa abokai, shi kuwa ba ya cin rance da bakinsa. Nan ne kuma kasawarsa take. Wani lokaci fushin yakan rufe bayanin, mai kallo ya tashi ya san Keane ya ji haushi amma bai san me ya sa tsakiyar fili ta buɗe ba.

Wannan salo ba shi ya ƙirƙiro shi ba. A tashar gwamnatin Ayilan, RTÉ, an yi shekaru ana zama da Bill O'Herlihy yana tambaya, John Giles da Liam Brady da Eamon Dunphy suna yanke hukunci ba sani ba sabo. Dunphy tsohon ɗan wasan Millwall ne, ya yi wa ƙasarsa wasa 23, ya yi sharhi a RTÉ daga 1978 zuwa 2018. A 1990, lokacin da duk ƙasa ke murna da zuwa Kofin Duniya karo na farko, Ayilan ta yi 0-0 da Masar, Dunphy ya yi jifa da alƙalaminsa a gaban kyamara ya ce wasan abin kunya ne. Jama'a suka yi masa ca. Shi ne kuma ya rubuta wa Keane littafin nan na 2002.

To, mene ne Keane? Kunne yana jin "Kin", amma wannan rubutun Turawan Ingila ne. A harshen Gelik, harshen asali na tsibirin, yawancin masu wannan suna Ó Catháin ne, ana faɗinsa kusa da "O Kahan". Cath yaƙi ke nan, Cathán sunan wani kaka ne mai nufin mayaƙi, Ó kuma jika. Akwai wasu Keane a kudancin ƙasar da tushensu Ó Céin ne, daga Cian, wato daɗaɗɗe. Hausawa sun ce suna linzami, kuma duk wanda ya ga cacar bakin Keane da Vieira a ƙofar shiga filin Highbury a 2005 zai karkata ga ma'anar farko. Kane ma daga Ó Catháin yake, kuma Harry Kane, kyaftin ɗin Ingila, tushen gidansu na wajen uba a Galway yake.

Tsarin ba shi da wuyar ganewa ga Bahaushe. Mac ɗa ne, kamar yadda muke cewa Usmanu ɗan Fodiyo. Mace kuma ba ta ɗaukar Ó ko Mac, sai Ní ko Nic, wato 'yar jikan wane ko 'yar ɗan wane. Mutanen Ayilan na cikin na farko a Turai da suka mayar da sunan kaka sunan zuriya: tarihinsu ya ambaci wani Ua Cléirigh da ya rasu a 916, su O'Brien kuma jikokin sarki Brian Boru ne da aka kashe a yaƙin Clontarf a 1014. Murphy, sunan da ya fi yawa a ƙasar, Ó Murchadha ne, jikan mayaƙin teku. McCarthy ɗan mai ƙauna ne. McGrath ɗan albarka. Quinn jikan Conn, wato kai ko shugaba. Doyle jikan baƙin baƙo, laƙabin da suka ba wasu maharan teku daga arewacin Turai. Dooley jikan baƙin jarumi. Rooney, wanda ya yi wa D.C. United wasa daga 2018 zuwa 2019 ya dawo ya horar da ita a 2022, jikan gwarzo ne. Kennedy kuwa Ó Cinnéide ne, masana sun rabu: wasu sun ce mai kwalkwali a ka, wasu sun ce mai mummunan kai.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne Giolla, wato bawa ko bara. Da addinin Kirista ya kafu, mutane sun ji nauyin saka wa ɗa sunan waliyyi kai tsaye, sai su ce bawan waliyyi wane. Gilmore, alal misali, ɗan bawan Maryamu ne. Mu da muke da Abdullahi da Abdurrahman da Bawa mun san wannan ladabi, sai dai mu ga Allah kaɗai muke jingina bauta. Har yau harshen yana da Máire ga kowace Maryamu, ya keɓe Muire ga uwar Annabi Isa ita kaɗai. Seán Yahaya ne, Séamus Yakubu. Shi kuwa Caoimhín Kelleher, golan da ya bar Liverpool zuwa Brentford a 2025, wanda masu sharhi suka sha tuntuɓe da sunansa, "Kwibin" ake cewa, kuma shi ne asalin Kevin: mai taushin hali.

Yadda Ó Catháin ya koma Keane ba sauyin zamani kawai ba ne, akwai hannun hukuma. A 1366 dokokin Kilkenny suka hana zuriyar Turawan da suka zo daga Ingila ɗaukar sunaye da harshen 'yan ƙasa. A 1465 wata doka ta umarci 'yan ƙasa mazauna yankin Dublin da ke ƙarƙashin sarkin Ingila su ɗauki sunan Ingilishi: na gari, ko launi, ko sana'a. A ƙarnukan da suka biyo baya ƙasa ta fita daga hannun masu ita, kotu da haya da neman aiki duk suka koma Turanci, ya zama Ó ko Mac a gaban suna alamar talauci ce. Mutane suka riƙa yar da su da hannunsu. Mac Gabhann, ɗan maƙeri, ya zama Smith. Inda aka bar Ó, akawu ya mayar da ɗan layin da ke kansa waƙafi, aka sami O'. Sannan yunwar 1845 zuwa 1852 ta zo, cutar dankali ta cinye abincin talaka yayin da ake fitar da hatsi da dabbobi daga tsibirin. Cikin al'umma mai mutum sama da miliyan 8, kimanin miliyan 1 suka mutu, fiye da miliyan 1 suka tsallaka teku, kuma yankunan masu jin Gelik ne suka fi jin jiki. Ɗaya daga tashoshin jiragen ruwan da suka bi ita ce Cobh, garin ƙungiyar da Keane ya yi wa wasa kafin Forest. A 1849 aka sauya mata suna zuwa Queenstown don girmama Sarauniya Victoria, sai a 1920 ta karɓi nata.

Farfaɗowa ta zo ta hanyar wasa da harshe tare. A 1884 aka kafa ƙungiyar wasannin gargajiya ta GAA, a 1893 Douglas Hyde da abokansa suka kafa ƙungiyar raya Gelik. A 1905 'yan sanda suka tare wani mutumin Donegal, Niall Mac Giolla Bhríde, saboda doka ta ce kowa ya rubuta sunansa a jikin amalankensa yadda za a iya karantawa, shi kuma ya rubuta nasa da harshensa da haruffansa. Aka ci shi tara. Lauyan da ya ɗaukaka masa ƙara a Dublin shi ne Pádraig Pearse, suka faɗi shari'ar. Bayan shekara 11 Pearse ya jagoranci boren 1916, Turawa suka harbe shi. Tun daga wancan zamani iyalai da dama suka mayar da Ó da Mac ɗinsu, aka kuma fara raɗa wa 'ya'ya mata Saoirse, wato 'yanci.

Kishin ya kai ga wuce gona da iri. Daga 1905 zuwa 1971 GAA ta hana 'ya'yanta buga ƙwallon ƙafa irin ta Ingila, ko ma zuwa kallonta. A 1938 ta tuɓe Douglas Hyde daga matsayin uban ƙungiya, alhali shi ne shugaban ƙasa, don ya halarci wasan Ayilan da Folan. Liam Brady ma an kore shi daga makaranta don ya zaɓi ya jagoranci yaran ƙasarsa a ƙwallon ƙafa maimakon ya yi wa makaranta wasan gargajiya. Ke nan wasan da ya ɗaga sunan Keane, shekara 20 kacal kafin tafiyar Washinton, wasu na yi masa kallon wasan baƙi.

A Washinton ba sai an yi dogon nema ba. James Hoban, mutumin Kilkenny, shi ya zana fadar White House a 1792, kuma cikin waɗanda suka gina ta akwai magina daga Ayilan da bayi baƙaƙen fata, har da waɗanda Hoban kansa ya mallaka. Cocin St. Patrick da ke tsakiyar gari an kafa shi a 1794 domin waɗannan magina. Waɗanda yunwa ta koro suka tare a wata unguwa mai dausayi da ake kira Swampoodle, wadda aka rushe mafi yawanta don gina tashar jirgin ƙasa ta Union da aka buɗe a 1907. A filin wasan unguwar ne a 1886 wani matashi ya fara buga wa Washinton ƙwallon sanda ta Amurkawa. Sunansa Cornelius McGillicuddy, ɗan bawan waliyyi Mochuda, amma Amurka ta san shi da Connie Mack, mutumin da ya yi shekara 50 yana horar da ƙungiya guda a Philadelphia. Dogon suna mai tarihi ya koma gaɓa ɗaya. Filin jirgin saman da ke bakin kogin Potomac sunan Reagan ya ci tun 1998, shi ma Ó Riagáin ne. Baltimore da ke maƙwabtaka, Baile an Tí Mhóir ce, garin babban gida. Yau Amurkawa sama da miliyan 30 ke cewa suna da jinin Ayilan, alhali Jamhuriyar kanta ƙidayar 2022 ta ba ta miliyan 5.1. Kowace shekara a tsakiyar Maris firaministan Ayilan kan kawo wa shugaban Amurka kwanon ganyen shamrok, masu karanta labarai kuma su sake koyon faɗin muƙaminsa, Taoiseach, wato "Tishak", jagora.

Akwai ranar da muryar wasannin Ayilan ta yi aikin da ya fi wasa a wannan birni. Lokacin da aka kashe John F. Kennedy a Nuwamban 1963, Michael O'Hehir, babban mai sharhin wasannin gargajiya da sukuwar dawaki, yana Amurka. Talabijin ɗin ƙasarsa ta nemi ya bayyana wa mutanen gida jana'izar, ya yi sa'o'i yana yi ranar 25 ga wata. A bakin kabari a Arlington, ɗaliban sojan Ayilan ne suka yi faretin girmamawa bisa roƙon matar marigayin, kuma da Gelik aka ba su umarni.

Wanda ya gaji O'Hehir a zukatan masu sauraron rediyo shi ne Mícheál Ó Muircheartaigh, wanda ya yi sharhi daga 1949 zuwa 2010, ya rasu a 2024 yana da shekara 93. An haife shi Michael Moriarty a Kerry, a makaranta ya koma ga asalin sunansa, bai kuma sake sakinsa ba. Yakan haɗa harsuna biyu a numfashi guda, kuma ba ya ambaton ɗan wasa shi kaɗai: sai ya gaya maka ƙauyensu, sana'ar ubansa, wane ne kakansa, ƙwallo kuma tana tafiya. Marokin fada ne da makirufo, mai kirari da asali. A nan na ga nauyin da ke kan mai sharhi. Shi ne yake faɗin suna a kunnen miliyoyi, kuma yadda ya faɗe shi haka yara za su ɗauka.

Sai dai akwai lissafi mai ɗaci. A ƙidayar 2022 kusan mutum miliyan 1.9 suka ce suna iya Gelik, amma waɗanda ke magana da shi kullum a wajen makaranta kusan 72,000 ne kawai. Keane da Turanci yake faɗa, da karin harshen Cork. An ceto sunaye, harshen kuwa yana nan yana fama. Ko sunayen ma ba a gama ba: kwamfutocin ofisoshi sun daɗe suna share ɗan layin nan na kan wasali, alhali Seán suna ne, sean kuma tsoho. Sai a 2021 majalisar ƙasar ta yi gyaran doka da ya ɗora wa hukumomi nauyin karɓar suna yadda mai shi yake rubuta shi.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Sakkwato ta zama Sokoto a taswira, Maraɗi ta rasa lanƙwasarta, Ɗanjuma ya koma Danjuma a fasfo, Ƙaura ya koma Kaura. A makarantun zamanin Turawa aka riƙa laƙaba wa ɗalibi sunan garinsu don a bambanta Muhammadu da Muhammadu, shi ya ba mu Aminu Kano da Sa'adu Zungur da Shehu Shagari. A unguwannin Maryland irin su Silver Spring da Hyattsville, inda 'yan Afirka ta Yamma suke da yawa, a kusa da birnin da Muryar Amurka ta buɗe sashen Hausa a 1979, Bahaushe magidanci kan riƙe biro a asibiti yana duban gurbin sunan iyali a takardar haihuwa. Sunansa zai sa, yadda aka saba a gida, ko na ubansa da ke cikin fasfo, don iyali su zama suna ɗaya a idon hukuma? Abin da ya rubuta a wannan minti shi jikokinsa za su ɗauka. Sunan yanka yakan tsira, domin na addini ne kuma duniya ta san shi. Waɗanda nake jin tsoron ɓatansu su ne na gida, masu ba da labarin haihuwa: Tanko da ya zo bayan mata, Kande da ta zo bayan maza, Gambo mabiyin tagwaye, Nomau na lokacin noma, Cindo mai yatsa shida, Talatu da Balarabe da Asabe. Yaron da ya tashi a Virginia ba zai san waɗannan ba sai an kira shi da su a cikin gida, an kuma gaya masa dalili da Hausa.

Ita kuwa Ayilan, wadda ta yi ƙarni biyu tana fitar da 'ya'yanta, yanzu ita ce ke koyon sunayen baƙi. Dangantakarta da Nijeriya tsohuwa ce: matan zuhudu na St. Louis sun iso Kano a 1948, ofishin jakadancinta na farko a Afirka kuma a Legas ta buɗe shi a 1960. Yau a tawagarta akwai Gavin Bazunu da Andrew Omobamidele da Adam Idah, wanda shi ma ɗan Cork ne, mahaifinsa ɗan Nijeriya. Chiedozie Ogbene an haife shi a Legas a 1997, ya tashi a Cork, ya buga wasan gargajiya na GAA a ƙungiyar Nemo Rangers kafin ya zaɓi ƙwallon ƙafa. A Yunin 2021, a wasa da Hungary a Budapest, ya zama haifaffen Afirka na farko da ya buga wa babbar tawagar Ayilan. Sunansa na Ibo ne, ma'anarsa Allah ya gyara. Magoya baya kan taƙaita shi su ce Chieo, amma a takardar sunayen 'yan wasa cikakke ake rubuta shi.